Labarin Karl Landsteiner, Likitan Da Ya Rarrabe Jinin Mutane

Mu Hausawa mun daɗe muna ɗora wa jini abubuwa da yawa. In mutum biyu suka shaƙu tun haɗuwar fari, sai mu ce jininsu ya haɗu, in kuwa kullum suna hararar juna ba gaira ba dalili, mu ce jininsu ne bai haɗu ba. Wannan duk salon magana ne kawai. Amma an yi wani likita a ƙasar Ostiriya wanda ya ɗibi jinin mutane ya gauraya, ya ga ashe da gaske akwai jinin da ke haɗuwa da wanda ba ya haɗuwa, kuma ba ruwan wannan da so ko ƙi, gama jinin uwa ma ya kan ƙi na ɗan da ta haifa. Sunansa Karl Landsteiner. Mun ga ya kamata mu ba da labarinsa a nan, domin ta kansa ne za mu fi saurin gane wata kalma mai nauyi da mu kan yi karo da ita cikin littattafan ilmin halitta, watau folimofizim.

An haife shi ran 14 ga watan Yuni 1868 a Baden, wani gari kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya. Iyayensa Yahudawa ne. Ubansa, Leopold, masanin shari'a ne kuma sanannen ɗan jarida, amma ya mutu ya bar yaron yana da shekara shida, uwarsa Fanny ta ci gaba da renonsa ita kaɗai. Ƙaunar da ke tsakaninsu ta kai inda ta kai. Da ta mutu cikin 1908 sai ya sa aka ɗauki siffar fuskarta, bisa wata al'ada ta Turawa wadda mu baƙuwa ce gare mu, ya rataye a bangon ɗakinsa har ƙarshen ransa. Bai yi aure ba sai 1916, yana kusa da shekara hamsin.

Ya karanta aikin likita a jami'ar Biyana, ya gama cikin 1891. Shekara guda kafin wannan shi da uwarsa suka shiga addinin Kirista na ɗarikar Katolika. Sa'an nan, maimakon ya buɗe wurin duba marasa lafiya ya kama tara dukiya kamar tsararrakinsa, sai ya tafi yawon neman ilmin sinadarai, ya zauna gaban manyan malamai a Jamus da Suwizalan, cikinsu har da mashahurin nan Emil Fischer. A ganinmu nan ne asirin dukan aikinsa ya ke. Likitocin zamaninsa suna kallon jini kamar wani abin al'ajabi, shi kuwa ya koyi kallonsa kamar abin da a ke aunawa, a gauraya, a sake gwadawa. Da ya komo Biyana ya kama aiki a sashen binciken gawa ƙarƙashin Anton Weichselbaum, inda cikin shekara goma ya binciki gawa fiye da 3,600. Aiki ne da ba kowa ke sha'awarsa ba, amma mai son ya san abin da ke kashe mutane ba shi da makarantar da ta fi ta.

Kafin mu faɗi abin da ya gano, sai mun koma baya kaɗan. Tun 1667 wani Bafaranshe, Jean Denis, ya zuba wa wani yaro jinin ɗan rago, yaron ya tsira, watakila don jinin bai taka kara ya karya ba. Wani mutum da ya zuba wa jinin maraƙi kuwa ya mutu, aka yi ta shari'a, ba a daɗe ba hukuma ta hana abin. Daga 1818 wani likitan Ingila, James Blundell, ya tashi gwada jinin mutum ga mutum, musamman ga mata masu zubar jini bayan haihuwa. Kusan rabinsu suka amfana, sauran suka mutu, ba kuwa wanda ya san abin da ya raba waɗannan da waɗancan. Mai haƙuri guda a ƙara masa jini ya warware, wani a ƙara masa sai jiki ya ɗauki rawa, baya ya kama ciwo, fitsari ya yi baƙi, kafin a jima a ce babu shi. Saboda haka zuwa ƙarshen ƙarnin nan likitoci masu hankali sun kusa barin ƙarin jini ɗungum.

Cikin 1900 Landsteiner ya buga wata takarda a kan wani batu dabam, sai a ƙasan shafi, wurin da mu a littattafanmu na zaure mu ke ce wa hashiya, ya rubuta cewa ruwan jinin lafiyayyen mutum ya kan dunƙule ƙwayoyin jinin wani lafiyayyen. Waɗansu sun taɓa ganin haka, amma suka ɗauka alamar cuta ce. Shi ya bi sawu. Ya ɗibi jinin mutum shida na wurin aikinsu, har da nasa, ya raba kowane kashi biyu: jajayen ƙwayoyi gefe guda, ruwan da su ke iyo a ciki gefe guda. Kana ya riƙa ɗiga ruwan wannan a kan ƙwayoyin wancan, har ya zagaye su duka, yana rubuta abin da ya gani. Wani gaurayen ya zauna sumul. Wani kuwa ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da aka matsa wa tsami. Ku lura, wannan ba daskarewar da jini kan yi a bakin rauni ba ce, ƙwayoyin ne ke manne wa juna, in kuwa suka yi haka cikin jiki sai su farfashe, ƙoda ta tsaya. Ruwan jinin mutum bai taɓa dunƙule ƙwayoyinsa na kansa ba. Da ya duba lissafin sai ya ga abin ba kara-zube ba ne, mutanen sun kasu uku. Ya buga wannan cikin 1901, ya sa musu suna A da B da C. Wannan C ɗin shi aka koma kira O daga baya, kuma shi ne irin jininsa. Cikin 1902 abokan aikinsa biyu, Decastello da Sturli, suka gano na huɗu, wanda ya fi ƙaranci, watau AB.

Ga yadda za mu kwatanta wa yara abin. A ɗauka jajayen ƙwayoyin nan mutanen gari ne, kowa da zanen da ke fuskarsa, ruwan jini kuma yana ɗauke da dogaran ƙofa. A garin A kowa na da zane iri A, dogaransu kuwa duk wanda suka gani da zane iri B sai su kama. Garin B akasin haka. Mutanen AB suna da zanen duka biyu, don haka ba su ajiye dogari ko ɗaya ba, kowane baƙo ya zo lale. Mutanen O ba su da zane ko kaɗan, ko ina suka je sai su shige ba mai tare su, amma a garinsu dogarai iri biyu ne, ba sa karɓar kowa sai ɗan'uwansu marar zane. Yanzu an san zanen nan waɗansu 'yan sassan sukari ne da ke bisa fatar ƙwayar.

Kada a zaci duniya ta tashi tsaye da jin wannan labari. Ko kusa. Sai 1907 ne Reuben Ottenberg, a wani asibitin Niyu Yok, ya fara gwada jinin mai bayarwa da mai karɓa kafin ƙari. Har wa yau da sauran wata wahala, jini na daskarewa da zarar ya bar jiki, sai an kwantar da mutum biyu kusa da juna an haɗa jijiyoyinsu. Cikin 1914 da 1915 aka gano in an zuba wani gishiri da a ke kira sitiret jinin ba ya daskarewa, ana iya ajiye shi cikin kwalba. Yaƙin duniya na fari kuma ya kawo masu raunuka dubu bisa dubu, dole ta sa aka koma ga hashiyar nan.

Shi kuwa tuni ya juya ga wani aikin. Cikin 1908, shi da Erwin Popper suka ɗibi lakar bayan wani yaro da shan inna ya kashe, suka sa wa birai biyu, cutar ta kama su. Ba su ga wata ƙwayar cuta cikin madubin likita ba, don haka suka ce lalle mai kawo ta wani abu ne da ya fi ƙarfin madubin ƙanƙanta, watau bairos. A kan wannan tushe aka yi ta gini har aka sami allurar riga-kafi cikin 1955. Mu da muka tashi muna ganin guragu a bakin kasuwa mun san girman wannan aiki, sai 2020 aka shaida cewa shan inna irin na asali ya ƙare a Nijeriya da Afirka duka.

To, daga ina bambancin jinin nan ya ke fitowa? Wani abin mamaki, cikin 1900 ɗin nan da aka rubuta hashiya, cikinta ne masana suka tono aikin Gregor Mendel, limamin Kiristan nan da ya gano ƙa'idodin gado ta wurin shuka wake, ya mutu cikin 1884 ba wanda ya kula da shi. Cikin 1910 von Dungern da Ludwik Hirszfeld suka bi jinin iyalai, suka nuna gadonsa a ke yi bisa ƙa'idar Mendel. Cikin 1924 wani masanin lissafi, Felix Bernstein, ya warware sauran: ƙwayar gado guda ce, amma kamarta uku, A da B da O. Kowane mutum yana ɗauke da biyu, guda daga uba, guda daga uwa. A da B masu rinjaye ne, in ɗayansu ta haɗu da O sai ta rufe ta. Saboda haka uba mai jinin A yana iya ɓoye O, uwa mai jinin B ita ma haka, su haifi ɗa mai jinin O wanda bai yi kama da na kowannensu ba. Kai, irin wannan ma'aurata suna iya haifar 'ya'ya huɗu kowa da nasa iri. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu shirin koyarwa su riƙe wannan da kyau, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mutumin da ya ji rabin darasi, ya ga jinin ɗansa ya saɓa da nasa, yana iya zargin matarsa a banza, gida ya watse.

Hirszfeld ɗin nan da matarsa Hanka, su ma likitoci, yaƙi ya kai su Salonika ta ƙasar Girka, inda sojan ƙasashe da yawa suka taru, Ingilishi da Faransawa da Sabiyawa da Indiyawa, har da baƙaƙen soja daga Sanagal. Suka gwada jinin mutum wajen 8,000, suka buga sakamakon cikin 1919. Sun ga A ya fi yawa cikin mutanen yammacin Turai, B kuma yana ƙaruwa in an nufi Indiya. Amma kowace al'umma cikin waɗanda suka gwada tana da dukan ire-iren, yawan ne kawai ya bambanta. Waɗansu masu girman kai a Jamus sun so su mai da wannan hujjar fifikon launinsu, abin ya ƙi, gama Bajamushe mai jinin A jinin ƙanensa mai B zai iya kashe shi, na Basanagale mai A kuwa ya cece shi. A Nijeriya kusan rabin mutane O ne.

Nan ne muka iso ga kalmar da muka ambata. Folimofizim daga harshen Yunanawa ta ke, ma'anarta kama da yawa, mu sai mu ce yawan kama. Amma ba kowane bambanci ne ya cancanci sunan ba. In malam ya jera 'yan aji daga gajere zuwa dogo, zai ga tsawo na hawa sannu-sannu, tsakanin kowane biyu ana iya samun na tsakiya. Wannan ba shi ba ne. Jini kuwa ba shi da tsaka-tsaki, ba wanda ya ke A da ɗan kaɗan. Haka namiji da mace, haka damisa baƙa da mai rodi-rodi waɗanda uwa ɗaya ta kan haifa. Wani malamin jami'ar Okisfod, E. B. Ford, ya tsara ma'anar cikin 1940, Landsteiner na da rai. Ya ce sai an sami kama biyu ko fiye, rarrabe sarai, cikin iri ɗaya na halitta, a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ya ƙara da wani sharaɗi wanda shi ne zuciyar maganar. Ƙwayoyin gado kwafarsu a ke yi daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma kamar yadda mai kwafar littafi ya kan yi tuntuɓen alƙalami jefi-jefi, haka su ma a kan sami kuskure. In wata kama ba ta bayyana sai ga mutum ɗaya cikin dubu ɗari, sai a ce tuntuɓen alƙalami ne. Amma in ta yi yawan da kuskure kaɗai ba zai iya kawowa ba, to, yawan kama ke nan. Masana sun saba sa iyaka a kan ɗaya cikin ɗari.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, me ya hana kama ɗaya ta cinye sauran? Ford ya yi zaton kowace tana da riba a wani wuri da hasara a wani, har ya ce za a tarar ire-iren jini na da alaƙa da cututtuka. Haka kuwa aka tarar. Mai jinin O zazzaɓin cizon sauro bai cika yi masa mugun kamu kamar mai A ba, amma kwalara ta fi tsananta a kansa. Misalin da ya fi kowane bayyana kuwa yana cikin gidajenmu, watau sikila, wadda a ke ce wa amosanin jini. Ita ba ta cikin ire-iren Landsteiner, a cikin ƙwayar ta ke ba a fatarta ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Cikin 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yaron da ya gaji S guda ɗaya, mai AS ke nan, ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin sauro. Wanda ya gaji biyu kuwa, SS, shi ke shan azabar ciwon. Sauro na rage masu AA, ciwo na rage masu SS, na tsakiya na wanzuwa da kamannin biyu a jikinsa. Abin da ya sa ke nan wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya ke da AS, kuma in biyu irinsu suka yi aure, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Mu koma ga mai labarin. Yaƙi ya ƙare cikin 1918, daular Ostiriya ta wargaje, Biyana ta faɗa cikin yunwa da sanyi, kuɗi suka zama takardar banza. Ga shi da mata da ɗa ƙarami. Cikin 1919 ya yi ƙaura zuwa Holan, ya kama aiki a wani ƙaramin asibiti a birnin Heg, yana gwajin fitsari da jini da binciken gawa, aikin da yaransa ke yi masa a da. Mutumin da ya rarrabe jinin duniya ke nan, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Duk da haka bai ajiye bincike ba. Cikin 1922 Simon Flexner ya gayyace shi zuwa cibiyar bincike ta Rockefeller a Niyu Yok, can ya sami ɗaki da kayan aiki yadda ya ke so, ya zama ɗan ƙasar Amurka cikin 1929.

A can, shi da Philip Levine suka riƙa sa wa zomaye jinin mutane, suna duba irin dogaran da jikin zomon zai tayar. Ta haka cikin 1927 suka gano waɗansu zane-zanen, M da N da P. Ashe A da B somin taɓi ne, yau an san tsarin ire-iren jini fiye da 40. Cikin 1930 aka ba shi kyautar Nobel saboda aikin 1901, bayan shekara 29. Shi kansa ya fi ganin girman wani aikinsa na dabam, wanda ya nuna dogaran jiki suna iya rarrabe sinadarai biyu ko da bambancinsu bai fi ƙwayar zarra ba, ya kuwa rubuta littafi a kan haka cikin 1933. Mutum ne mai kamewa, marar son taro, mai yawan zullumi, ba ya yarda da sakamako sai ya maimaita gwaji sau da yawa. Abin shaƙatawarsa kiɗan fiyano.

Akwai wani abu cikin labarinsa da ba shi da daɗin faɗi. Cikin 1937 ya kai ƙarar masu buga wani littafi na sunayen manyan Yahudawan Amurka don sun sa sunansa, bai kuwa ci nasara ba. Waɗansu sun zarge shi da gudun asalinsa. Mu dai ba mu ga ya yi daidai ba, amma wanda zai hukunta shi ya tuna zamanin: Hitila na mulkin Jamus, shekara guda bayan nan ya haɗiye Ostiriya, ga shi kuma da ɗa wanda ya ke jin tsoron abin da sunan zai jawo masa.

Aikinsa na ƙarshe mai girma ya fito cikin 1940, bayan ya riga ya ajiye muƙami. Shi da Alexander Wiener suka sa wa zomaye jinin wani birin Indiya da a ke kira resus, suka ga ruwan jinin zomayen yana dunƙule ƙwayoyin Turawan Niyu Yok 85 cikin ɗari, ya bar 15. Daga sunan birin aka sami Rh. Levine kuma ya nuna abin da wannan ke yi wa mata. In uwa ba ta da Rh, ɗan cikinta ya gado daga uba, jinin ɗan kan tsallaka jikinta wajen haihuwa, jikinta ya tayar da dogarai. Ɗan fari ya kan kuɓuta, na bayansa su ke shan wuya, a haife su da shawara mai tsanani ko a haife su babu rai, ɗaya bayan ɗaya. Ba mu ce dukan wabi daga nan ya ke ba, tun da marasa Rh a ƙasarmu ba su wuce biyar cikin ɗari ko kusa da haka ba, amma lalle cikin matan da aka yi ta jifa da maganganu akwai waɗanda ciwonsu ke nan. Maganin bai zo ba sai bayan mutuwarsa, ta wata hanya mai ban mamaki. Wani likitan Libaful, Cyril Clarke, yana kiwon malam-buɗe-littafi don sha'awa, yana binciken wani iri na Afirka wanda matansa ke da kama da yawa. Yadda a ke gadon kamannin nan ya tuna masa da gadon Rh, ya juya ga jini, shi da abokansa da waɗansu likitoci a Amurka suka fito da allurar da a ke yi wa uwa bayan haihuwa don kada jikinta ya tayar da dogaran. An fara amfani da ita cikin 1968.

Landsteiner bai bar zuwa wurin aiki ba har ya kai shekara 75. Ran 24 ga Yuni 1943 ciwon zuciya ya buge shi a ɗakin gwaji, ɗan bututun gilashin da ya ke ɗiga ruwa da shi yana hannunsa. Bayan kwana biyu ya mutu, ya bar takardun bincike fiye da 300. Matarsa ta bi shi kafin shekarar ta fita. Ƙasar da yunwa ta kore shi daga cikinta ta buga hotonsa a kan takardar kuɗinta ta shilin 1,000 cikin 1997, kuma tun 2004 a ke kiyaye ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, a matsayin ranar masu ba da jini ta duniya.